Kafaɗar ɗan dako a Mile 12: yadda aka kai ga tiyata bayan gocewa ta tara

Ina aikin gashin ƙashi a wani asibiti a nan Legas, kuma da yake ni kaɗai ne Bahaushe a sashenmu, duk sanda aka kawo mutumin Arewa da Turanci da Yarbanci suka yi wa nisa, ni ake aikowa a kira. Ta haka na san yaron da zan ba da labarinsa, da yardarsa, amma ba zan faɗi sunansa ba. Shekararsa 23, daga wani ƙauye a yankin Funtuwa. Dako yake yi a kasuwar Mile 12, yana sauke buhunan albasa daga tirela. Kawunsa, wan mahaifiyarsa, dillalin albasa ne a kasuwar, kuma shi yake riƙe da shi tun zuwansa Ikko.

Bayan sallar asuba aka kawo shi, ya tallafe hannun dama da na hagu, ya karkace gefe guda. Tudun kafaɗar ya ɓace, sai wata kusurwa kamar gefen akwati. Na tambaye shi ko wannan ne karon farko. Duk da azabar da yake ciki sai da ya murmusa. "Likita, ai wannan ce ta tara." Na gaji da gaya wa mutanenmu cewa ni ba likita ba ne, don haka na bar shi a hakan.

Ta farko ta same shi yana shekara 19, lokacin yana acaɓa. Ya faɗi a titin Ikorodu, ya kai hannu baya don ya tare ƙasa, kafaɗar ta fita. Abokan sana'a suka kai shi wurin wani mai ɗori a Agege, wanda ya kwantar da shi, ya sa diddige a hammatarsa ya ja hannun har ta koma. Wannan dabarar ba sabuwa ba ce, likitan nan na Girka Hifokiratis ya rubuta ta sama da shekara 2,000 da suka wuce. Tana mayar da ƙashi, amma tana iya taɓa jijiyar da ta ratsa ta hammata, shi ya sa asibitoci suka koma wa hanyoyi masu sauƙi. Ban ga laifin mai ɗorin ba a kan mayar da ita. Abin da hannunsa ba zai iya gani ba shi ne abin da ya yage a ciki. Ya ɗaure yaron da ƙyalle mako guda, ya ce ya warke, shi kuma ya koma kan mashin.

Da gwamnatin Legas ta tsaurara hana acaɓa a 2022, har abin ya kai Kosofe inda kasuwar take, sai kawun ya ce ya bar wasan ɓuya da 'yan sanda ya zo kasuwa. A nan kafaɗar ta samu abin da take so. Duk mai ɗaga buhu zuwa ka, dole ya ɗaga dantse sama, ya buɗe shi gefe, ya murɗa shi baya, kuma a daidai wannan tsayuwar ce kafaɗa take zamewa ta gaba. Daga ta uku zuwa ta bakwai duk a bakin tirela suka faru. Har ya koyi mayar da ita da kansa: ya zauna, ya sarƙe yatsu a gwiwa, ya jingina baya a hankali har ya ji ta faɗa. Ta takwas kuwa rigarsa kawai ya miƙa hannu zai ɗauko daga jikin ƙusa. Ta tara a cikin barci ta fita, kuma ta ƙi komawa.

Wannan jerin shi ne farkon abin da na nuna wa kawun. Ta farko sai da aka faɗo daga mashin. Ta takwas riga ce ta fitar da ita.

Da na zo yi musu bayanin ƙirar wurin, ban wahala ba, domin ɗan dako ya san gammo. Na ce ƙugu kamar taɓarya ne a cikin turmi, ramin yana da zurfi, da wuya ta fita. Kafaɗa kuwa tulu ne a kan gammo. Kan ƙashin dantse babba ne, gurbin da yake zaune a jikin allon kafaɗa ƙarami ne kuma kusan a baje yake. Da haka ne hannu yake iya kewayawa ko'ina, da haka ne kuma kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa a jiki saurin gocewa. Abin da yake riƙe tulun shi ne wani zoben guringuntsi a bakin gurbin, da jakar tantani da jijiyoyin da ke manne da shi, sai tsokoki huɗu da suka lulluɓe wurin. In kafaɗa ta fita ta gaba, wanda shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na gocewarta, takan ɓalle gaban zoben daga ƙashi. Likitoci suna kiran wannan raunin Bankart, sunan wani likitan Ingila da ya bayyana shi a 1923. A wurin matashi sau da yawa zoben ba ya komawa ya manne a mazauninsa, shi ya sa wanda tasa ta fara fita kafin ya kai shekara 20 ya fi zama cikin masu maimaitawa.

Ba a nan ɓarnar take tsayawa ba. Duk fitar da za ta yi, bayan kan ƙashin dantse yana karo da bakin gurbin. Kan ƙashin ya lotsa, wanda ake kira raunin Hill-Sachs tun 1940, bakin gurbin kuma ya riƙa zaizayewa kamar gaɓar kogi. Yaron ya ce, "Wato gammon ya yage, kuma tulun ya lotse." Na ce saura ɗaya, kan da ake ɗora gammon ma ya ragu.

Bayan mako biyu da mayar da ita, da kumburi ya sauka, likitan ƙashi ya duba shi ina fassara. Ya shafa fatar gefen dantse, yaron yana ji sarai, wato jijiyar hammata lafiya lau. Tsokokin suna da ƙarfi. Gaɓoɓinsa ba irin masu laushin nan na halitta ba ne, waɗanda babban yatsa ke lanƙwasowa ya taɓa hannu. Amma da likitan ya ɗaga dantsen ya fara murɗa shi baya, tun bai je ko'ina ba yaron ya riƙe masa hannu, idanunsa a waje. Ba zafi ya ji ba, jikinsa ne ya san za ta fita. Aka yi hoton CT, wanda shi ne yake nuna ƙashi da kyau, aka auna: wajen kashi 22 cikin 100 na faɗin gurbin ya tafi, ga kuma lotsawa mai zurfi a kan ƙashin dantse.

Likitan ya shimfiɗa hanya uku. A bar tiyata, a ƙarfafa tsokoki da gashi, ya kuma bar ɗaga kaya sama da kai. Ko a yi aikin Bankart, a shiga ta 'yan ƙananan huda da kyamara a ɗinke zoben a jikin ƙashi. Ko a yi aikin Latarjet, wanda ya fi girma.

Kawun bai jira aka gama ba. "Likita, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yaron nan da ƙafarsa yake yawo, da hannunsa yake cin tuwo. Na ga wanda aka shiga da shi tiyata ya fito hannun a shanye. Kuma ni kaina akwai wani a garinmu da tasa take fita yana saurayi, da ya manyanta ta daina."

Na fassara wa likitan duka, kuma ya burge ni da bai yi wa maganar dattijon dariya ba, domin akwai gaskiya a cikinta. A Suwidin an bi wasu da kafaɗarsu ta goce har tsawon shekara 25, ƙarƙashin wani likita mai suna Hovelius, aka fitar da sakamakon a 2008. A cikin waɗanda abin ya fara samu suna tsakanin shekara 12 zuwa 25 kuma ba a yi musu aiki ba, kusan rabi ko dai ba ta sake fita ba, ko ta zauna da kanta bayan shekaru. Mutumin garin su kawun yana cikin wannan rabin. Wannan bibiyar kuma ta nuna cewa masu yawan maimaitawa sun fi samun ciwon zaizayar gaɓa daga baya. Na ce, "Alhaji, shi mutumin naku buhu nawa yake ɗagawa a rana?" Ya ce tela ne. Muka yi dariya mu duka, har shi.

A nan zan faɗi ra'ayina a fili, ko da yake gashi ne abincina. Da yaron nan ya zo mini bayan ta farko ko ta biyu, da na ce a ba ni wata uku mu gwada. Da malamin makaranta ne mai shekara 40 da tasa take fita sau ɗaya a shekara biyu, da na ce ya zauna da abinsa in ya ga dama. Amma tsoka ba ta maye gurbin ƙashi. Duk ƙarfin da zan sa mata, in ya yi barci ita ma ta yi barci, kuma a barcin ta tara ta fita. Hanya ta farko ta rufe tun kafin mu haɗu.

Hanya ta biyu ita yaron ya so, saboda ya ji ba za a yanka shi sosai ba. Likitan ya ce da an zo shekara uku baya, ita zai yi. Dalilinsa wani rahoto ne na shekarar 2000 da likitoci biyu, Burkhart na Amurka da De Beer na Afirka ta Kudu, suka fitar a kan kafaɗu 194 da aka yi wa ɗinkin kyamara. Inda ƙashi bai ragu sosai ba, kashi 4 cikin 100 ne suka sake samun matsalar. Inda ya ragu sosai, kashi 67 ne. Tun daga nan likitocin ƙashi suke auna gurbi kafin su zaɓi aiki, kuma in asarar ta kai wajen kashi 20 zuwa 25, ɗinki kaɗai ba abin dogaro ba ne, balle ga mai aikin ƙarfi. Wato shekarun da ya yi yana mayar da ita da gwiwa ne suka canja masa irin tiyatar da zai sha.

Aikin Latarjet, wanda wani likita a birnin Liyon na Faransa ya bayyana a 1954, ga yadda yake. A gaban allon kafaɗa akwai wani ɗan ƙashi da ya turo kamar bakin hankaka. Ana yanko shi tare da jijiyar tsokar da ke manne da shi, a ratsa da shi ta cikin tsokar gaba, a kafa shi a bakin gurbin inda ya zaizaye, da ƙusoshi biyu na ƙarfe. Gurbin ya ƙara faɗi, jijiyar kuma ta zama kamar majanyi mai tare kan ƙashin duk sanda aka ɗaga hannu. Sake gocewa bayansa kaɗan ne. Sai dai matsalolinsa sun fi na ɗinkin kyamara yawa, kuma likitan ya lissafa su ba ɓoye-ɓoye: ana iya taɓa jijiya hannu ya yi rauni, yawanci na ɗan lokaci amma ba kullum ba; ƙashin da aka dasa yana iya ƙin haɗewa, musamman ga mai shan taba; ƙusa tana iya karyewa ko ta sassauta; wurin yana iya ruɓa; hannun kuma ƙila ba zai murɗa baya kamar ɗan'uwansa ba. Da na zo kan maganar jijiya na ga kawun ya gyaɗa kai, irin na "ai na faɗa". Ban tausasa ta ba. Mai fassara da ya rage wa magana ɗaci ya yanke wa mutane shawarar da ba tasa ba.

Suka tafi a kan za su yi tunani. Abin da ya juya lamarin gaba ɗaya bayan kwana huɗu ya fito, ranar da yaron ya zo gashi shi kaɗai. Ina duba shi na ga tabon cizo a gefen harshensa. Na tambaye shi daren da ta tara ta fita, me waɗanda suke kwana tare a shagon suka gani. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce sun ce ya yi ta jijjiga kamar mai aljanu, shi bai san komai ba sai farkawa ya yi da ciwon. Na ce me yake sha don aiki. "Likita, don Allah kada Kawu ya ji." Tiramol ce, mai lamba 225, biyu da safe, wata rana uku in tirela ta yi yawa. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta yarda ne da mai 50 da mai 100 kawai, su ma da takardar likita. Ya fara ta ne saboda ciwon kafaɗar, ta zame masa ta samun ƙarfi.

Tiramol in ta yi yawa tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, kuma jijjiga tana fizgar tsokoki da ƙarfin da zai fitar da kafaɗa, ko ya ɓalle dashen da bai gama haɗewa ba. Na gaya masa ba zan kai maganar wurin kawunsa ba, amma dole likitan ƙashi ya sani, kuma gara ya ji daga bakinsa. Likitan ya ce ba zai taɓa shi ba sai ya rabu da ƙwayar, kuma sai likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi. Gwaji bai nuna farfaɗiya ba. Aka riƙa rage masa ƙwayar sannu a hankali ƙarƙashin kulawa, domin yanke ta rana ɗaya yana da nasa haɗarin. Ya sha wuya: gumi, ciwon gaɓoɓi, rashin barci. Sau ɗaya ya koma mata, ya zo da kansa ya faɗa, aka sake lissafi daga farko. Taba ma aka ce ya ajiye, ita ce ma ya fi yi wa ƙorafi. Shi da kansa ya gaya wa kawun a mako na shida. Abin da suka ce wa juna ban sani ba, na dai ga daga ranar dattijon ya fara rako shi.

Sai maganar kuɗi, wadda a gaskiya ita ce rabin shawarar. Ba shi da inshorar lafiya. Abin da yake da shi adashe ne da yake zubawa don lefe, an tsayar da bikin bayan babbar salla. Kuɗin aikin ya cinye wannan ya nemi ƙari. Amma ni abin da na fi matsa musu a kai ba kuɗin asibiti ba ne. Mai albashi in an yi masa tiyata yana kwance albashinsa yana shiga. Ɗan dako in bai ɗauka ba bai ci ba, kuma maganar wata huɗu zuwa shida ake yi ba ɗaukar kaya. Na sha ganin aikin da likita ya yi da kyau yunwa ta lalata shi a mako na bakwai. Na ce, "Alhaji, kafin a sa rana, wa zai ciyar da shi har wata shida, da abin da yake aika wa mahaifiyarsa?"

Mahaifiyar, ta waya, ta so a mayar da shi gida a yi a asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda ɗan'uwan na Igbobi ne a nan Legas, dukansu na gwamnatin tarayya. Shawara ce mai kyau ta fuskar jinya. Abin da ya hana shi ne gashi: daga ƙauyensu zuwa inda zai samu mai gashi sau biyu a mako tafiya ce mai cin kuɗi, ga shi damina ta kusa, kuma babu wanda ya yarda cewa zai zauna a inuwa yana kallon ƙannensa suna noma. Aka tsaya a kan Legas, a farkon damina, lokacin da motocin kayan gwari suke raguwa. Kawun ya ce zai zaunar da shi a rumfa ya riƙa rubuta buhunan da suka shigo da waɗanda suka fita, yana ba shi na abinci. 'Yan ƙungiyar dako suka yi karo-karo. Biki aka ɗaga shi zuwa baɗi, iyayen yarinyar ba su ji daɗi ba amma sun haƙura.

Ranar sa hannu kawun ya karɓi biro, likitan ya ce a'a, mai kafaɗar ne zai sa. Yaron ya tambayi abu biyu kawai: yadda zai yi sujada, da yadda zai ci abinci da hagu. Na ce zai yi salla da hannu a rataye gwargwadon ikonsa, malaminsu ma zai tabbatar masa, cokali kuma ba abin kunya ba ne na wata ɗaya.

Aikin ya tafi daidai. Ya farka da dindiris a gefen hannu ƙasa da gwiwar hannu, alamar an ja wata jijiya, hankalin kawun ya tashi ƙwarai, amma ya washe cikin mako biyar. Mako huɗu yana rataye da hannu, ni nake motsa masa shi. Har mako shida ban bar shi ya ɗaga ko butar alwala da dama ba, saboda tsokar da ke lanƙwasa gwiwar hannu tana jan dashen. A wata na uku hoto ya nuna ƙashin ya haɗe, muka shiga ƙarfafawa da roba da ƙananan nauyi.

Yanzu yana wata na biyar. Kafaɗar ba ta fita ba, yana kwana a kanta, kuma in na murɗa dantsen baya ba ya ƙara riƙe mini hannu. Murɗawar ta gaza ta hagu da ɗan kaɗan, da alama haka za ta zauna. Tiramol bai koma mata ba, taba kuwa na ji warinta a rigarsa sau biyu. Likitan ya ce in ya cika wata shida zai iya fara ɗaukar kaya da kaɗan-kaɗan. Kawun yana so ya zauna a rumfa ya koyi dillanci, don ya ga yaron yana da kan lissafi. Shi kuma ya ce kuɗin rumfa ba zai haɗa lefe kafin baɗi ba. Ran Talatar da ta wuce ya tambaye ni ko rabin buhu ma yana cikin abin da aka hana, na ce yana ciki, ya dawo ran Juma'a mu ƙara nauyin robar.